Daga Allon Malam: Idan Mai Gabatar da Shiri Ya Sauya Sheƙa

A wannan wata na ajiye zancen makaranta gefe guda, domin wata magana da ta taso a majalisarmu ta bayan la'asar, wadda har aka kira magariba ba a gama ta ba.

Abin da ya faru shi ne, akwai wani shirin gaishe-gaishe na Hausa da wata tashar FM ke yi a garin nan kowace Lahadi da dare. Mai gabatar da shi ya shekara bakwai ko takwas yana yi, har tsofaffin unguwarmu sun san tarinsa da dariyarsa kamar ɗan gidansu. Wata Lahadi aka kunna akwati sai aka ji kiɗa kurum, daga farko har ƙarshe. Lahadi ta zagayo, sai ga wata baƙuwar murya ta yi sallama, ta ci gaba da karanta gaisuwa kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya ce uffan game da mai shirin. Mahaifiyata, wadda ba ta wasa da wannan shiri, ta sa a ranta mutumin ya rasu ne ake ɓoyewa, har ta aike ni in bincika inda za a yi ta'aziyya. Da na bincika, ashe lafiyarsa lau, ya koma wata tashar ce da ta ƙara masa kuɗi. Ranar da ya kai takardar barin aiki, ranar aka karɓe makullin ɗakin watsa shiri daga hannunsa, aka kuma gargaɗi sauran ma'aikata kada wanda ya ambaci sunansa a iska.

A majalisa mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce butulci ya yi, tashar da ta ɗauke shi ba a san shi ba ita ce ta yi masa suna. Wasu suka ce ai ba bawa ba ne, inda ya ga tuwo ya fi kauri can zai zauna. Ni dai tambayata daban ce: mu da muke saurare, waye ya tuna da mu?

Kafin in ba da amsa, bari mu koma baya kaɗan, don matasa su san wannan matsala ba tsohuwa ba ce a wurinmu. Rediyo ta shigo Ghana a 1935 da tashar ZOY ta Ankara, kuma kusan shekara sittin gidan rediyon gwamnati ne kaɗai ke magana a ƙasar. Wanda ya bar shi ba shi da wani gidan da zai koma, sai dai ya ƙetare teku. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma idan aka ji muryar da aka sani ta ɓullo daga London ko Kolon, murna ake yi, a ce namu ya ci gaba. A 1994 aka buɗe Radio Eye a Ankara, 'yan sanda suka rufe ta ba da daɗewa ba. A 1995 Joy FM ta fara aiki da izini, daga nan ƙofa ta buɗe. A Nijeriya Raypower ta fara a 1994, a Nijar ma a tsakiyar shekarun nan ne irin su R et M da Anfani suka fito. Tun da tashoshi suka yi yawa a gari guda, sai kishiya ta shigo gida, murya ta zama haja mai tsada.

To yaya manyan gidaje suke yi idan nasu zai koma wurin abokin gasa? Misalin da ya fi burge ni shi ne na Ken Bruce, wani dattijo ɗan Sikotilan da ya yi kusan shekara 45 a BBC, sama da talatin daga ciki yana riƙe da shirin hantsi na tashar Radio 2, shirin da a lokacin ya fi kowane yawan masu saurare a Birtaniya. A watan Janairu na 2023 ya sanar da bakinsa, a cikin shirinsa, cewa zai tafi. Tashar da zai koma ita ce Greatest Hits Radio ta kamfanin Bauer. Yarjejeniyarsa da BBC sai ƙarshen Maris za ta ƙare, kuma ya yi niyyar cika ta, amma hukumar gidan ta ce ya tsaya ranar 3 ga Maris. Shi da kansa ya bayyana cewa ba haka ya so ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk mai hankali: kowace safiya da ya buɗe baki, jaridu na ta ambaton inda zai koma, wato gidan na yi wa kishiyarsa talla kyauta. Turawa suna da suna ga irin wannan zama, suna ce masa hutun lambu: ana biyanka albashi, amma ka zauna gida kana ban ruwa har wa'adinka ya cika.

Sai dai ku lura da abu biyu. Na farko, an bar shi ya yi sallama. Ya yi shirinsa na ƙarshe, ya gode wa masu saurare, abokan aiki suka yi masa tafi, kowa ya san ranar da dalili. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga yaranmu masu aikin rediyo, akwai wata gasar kacici-kacici kan waƙoƙi mai suna PopMaster da yake yi a cikin shirin tun 1998. Da zai tafi sai ya tafi da ita, domin shi da abokan aikinsa ne ke da rajistar sunan, BBC ba ta da iko a kai. Ranar 3 ga Afrilu ya buɗe sabon shirinsa da gasarsa a hannu, tsohon gidan kuwa dole ya ƙirƙiro wata. Vernon Kay ya gaje shi a watan Mayu, kuma ƙididdigar masu saurare da ta biyo baya ta nuna Radio 2 ta yi asarar mutum wajen miliyan guda. Gaggauta sallamarsa da 'yan makonni bai hana kowa bin sa ba.

A Amurka kuwa abin har kotu ya kai. Howard Stern ya sanar a watan Oktoba na 2004 cewa zai koma Sirius, rediyon tauraron ɗan'adam, kan yarjejeniyar shekara biyar ta kimanin dala miliyan 500. Tsohon gidansa bai iya zaunar da shi ba, saboda kuɗin tallan da yake kawowa, sai aka bar shi a iska sama da shekara guda, har Disamba 2005. Shi kuma bakinsa bai yi shiru game da sabon wurin ba. A farkon 2006 kamfanin CBS ya kai shi ƙara cewa ya yi amfani da lokacinsu ya tallata wani gida. Aka sasanta a watan Mayu na shekarar, Sirius ta biya dala miliyan biyu ta karɓi faya-fayen tsofaffin shirye-shiryensa. Kun ga ke nan fargabar masu tashoshi ba ta banza ba ce. Wanda ka bar wa makirfo bayan zuciyarsa ta riga ta fita, yana iya kwashe maka kasuwa kana kallo.

A nan gida ma mun ga rabuwa ta mutunci. Marigayi Komla Dumor ya bar shirin safe na Joy FM a 2006 ya tafi BBC, Kojo Oppong Nkrumah ya hau kujerarsa, shirin ya ci gaba da sunansa. Da Dumor ya rasu a Janairun 2014, tsohon gidansa na cikin waɗanda suka fi kuka da shi. Amma a gaskiya wannan ya zo da sauƙi ne don London ba ta cin kasuwar Ankara. Gwajin halin mai tasha shi ne ranar da nasa ya tsallaka titi ya shiga tashar da ke neman tallan ɗan kasuwa guda da shi.

Yanzu mu dawo kan shirye-shiryenmu na Hausa, inda abin ya fi ciwo. Da yawan masu yin su, a iya sanina, ba su da wata takarda tsakaninsu da tasha. Wani ana ba shi awa guda ne a ce ya nemo talla a raba. Shi zai bi masu shaguna da masu maganin gargajiya da masu shirya tafiya aikin Hajji, shi zai sayar da katin gaisuwa, shi zai kafa ƙungiyar masu saurare, har a ɗinka anko. Ranar rabuwa sai rigima ta tashi: sunan shirin na waye? Kiɗan buɗe shirin fa? Ɗan kasuwan da ya biya kuɗin wata uku saboda muryar wane, aka yi wata guda wane ya tafi, wa zai mayar masa da saura? A shirin da na ba ku labari, akwai matan da suka sayi katin gaisuwar suna da na biki, har yau ba a karanta ba, kuɗin kuma bai dawo ba. Tasha ta ce a bi mai shiri, mai shiri ya ce kuɗin na asusun tasha.

Mu malamai, idan ɗayanmu zai bar makaranta, akwai ƙa'ida. Zai ba da sanarwa a rubuce, ya miƙa rajista da littafin shirin darasi da makin yara ga wanda zai gaje shi, a tara ɗalibai a filin taro a gaya musu. Ba don ana jin daɗin tafiyarsa ake haka ba, sau da yawa hedimasta yana cizon yatsa. Ana yi ne don yara kada su wayi gari su ga baƙo a gaban allo ba bayani. Ban ga abin da zai hana mai tasha yin irin wannan ba. Idan yana tsoron bakin mai tafiya, sai a naɗi sallamar tun da rana, a saurara, a sa ta da dare, da sharaɗin ba za a ambaci sunan sabuwar tashar ba. Minti biyar ya isa. Shi kuma mai tafiya ya sauke duk katin da ya sayar kafin ya fita, kada ya je can ya mai da shirinsa na farko filin habaici, domin wannan ma mun ji an yi, kuma bai ƙara wa kowa daraja ba.

Ga ƙannenmu da ke shiga wannan aiki, ciki har da tsofaffin ɗalibaina biyu, shawarata ita ce ku nemi takarda tun ranar farko, ko da shafi guda ce. A rubuta wanda ke da sunan shirin, da kwana nawa za a ba da sanarwa, da yadda za a yi da tallan da aka riga aka biya. Ku sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe nasa kwafi. Na san mai tasha zai ce ba ku yarda da shi ba ne, ku ce masa ko filin da aka gina tashar a kai da takarda aka saye shi.

Mahaifiyata dai jikanta ya nemo mata sabuwar tashar, ta sa an ɗiga jan fenti a kan lambar don kada ta ɓace mata. Tsohuwar kuwa ta ce ba za ta ƙara kunna ta ba sai ranar da suka fito suka faɗi inda suka kai mutumin. Na gaya mata ai mun riga mun sani, ta ce daga bakinsu take son ji.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.