Gyaran hoton namun daji: kada garin neman gira a rasa ido

A shekarar 2009 alƙalan gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, suka ba wani ɗan ƙasar Sifaniya mai suna José Luis Rodríguez babbar kyautar shekarar. Hoton nasa na wani kyarkeci ne yana tsallake ƙofar shinge cikin dare, haske ya zauna daidai, dabbar kuma tana shawagi a iska. A watan Janairun 2010 aka ƙwace kyautar, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne, horarre, daga wani gidan namun daji da ke kusa da Madrid. Mai hoton ya musanta, amma hukuncin ya tabbata.

A 2018 aka sake yin irin ta. Marcio Cabral, ɗan ƙasar Brazil, ya ci wani rukuni na gasar 2017 da hoton wata dabba mai cin tururuwa, mai kama da dabgi, tana tunkarar suri mai ƙyalli a gandun dajin Emas. Masana kimiyya biyar, kowa ya yi nasa binciken daban, suka cimma matsaya guda: dabbar matacciya ce da aka cusa wa fatarta kaya aka ajiye a ƙofar shiga gandun domin baƙi. Tsayuwarta da kwanciyar gashinta da zanen wuyanta ne suka tona asiri. Shi ma ya musanta.

A duka biyun ba a zargi kowa da yin coge a kwamfuta ba. Zargin ya shafi abin da ya faru a gaban kyamara kafin a danna ta. Wannan ya isa ya nuna gurguwar fahimtar da ta mamaye sharhin hotunan namun daji, inda ake fara tambaya da kaifin ido da kyawun launi, ba a damu da tambayar da ta fi kowace nauyi ba, wato ko abin da hoton ke faɗa gaskiya ne.

Ba a raina ƙa'idojin sana'ar ba, domin suna da dalili. Mai sharhi yakan duba ko kyamarar ta kama idon dabbar tas, saboda nan ne idon mai kallo ke fara sauka. Yakan nemi ɗigon hasken nan da ke cikin ƙwayar ido, wanda idan babu shi fuskar takan zama kamar ta gawa. Yakan duba ko mai hoton ya durƙusa daidai tsayin dabbar, ko daga saman mota ya hango ta. Yakan lura da bayan hoton, kada reshe ya fito kamar ƙaho a kan dabbar da ba ta da ƙaho, kada kuma a yanke ƙafa ko wutsiya a gaɓa. Duk wannan ilimi ne mai amfani ga mai koyo.

Haka kuma gyara ba laifi ba ne. Ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa, wanda masu sana'ar ke kira RAW, yakan fito a dushe, domin na'ura ba ta haɗa haske da inuwa yadda idon ɗan Adam ke yi. Daidaita haske, gyara launin da inuwar bishiya ta karkatar, datse gefen hoto da goge tabon ƙurar da ta shiga kyamara, duk dawo da hoto ne kusa da abin da aka gani. Gasar ta Landan ma ta yarda da irin wannan, amma ta hana ƙara dabba ko cire wani abu daga hoto, tana kuma neman ɗanyen hoton domin a gwada. Iyakar a fili take: gyara ya halatta muddin bai sauya abin da ke wurin a lokacin ba.

Matsalar ita ce sharhin da ba ya ganin komai sai kyau shi ne ke tura mai hoto tsallake wannan iyaka. Idan kullum aka ce masa ciyawar da ta gitta bakin ɓauna ta ɓata aiki, wata rana zai goge ta. Idan aka ce ƙudajen da ke fuskar zaki ƙazanta ne, zai share su. Daga nan sai tabon hanci, sai yagaggen kunne, har a wayi gari dabbar da ke cikin hoton ba ta taɓa rayuwa a kowane daji ba. Ga masu nazarin namun daji, waɗannan alamu su ne katin shaidar dabba. Ana gane zaki da jerin ɗigogin da ke gindin gashin bakinsa, ana gane giwa da tsaga da hujin kunnenta, jakin dawa kuma kowane da nasa zane. Wanda ya goge tsagar kunnen giwa domin hoto ya yi tsaf ya goge sunanta ke nan.

Masu kare 'yancin fasaha suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce hoto zane ne da haske, mai zane kuma ba ɗan jarida ba ne. Ba'amurke Art Wolfe ya tsaya a kan irin wannan ra'ayi lokacin da littafinsa Migrations na 1994 ya jawo ce-ce-ku-ce, bayan an gano ya kwafi wasu dabbobi, har da jakunan dawa, ya maimaita su domin garke ya cika. Ya ambaci amfani da kwamfuta a gabatarwar littafin, amma masu suka suka ce ba a bambance hoton da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Nan ne gizo ke saƙar. Babu mai hana kowa ƙirƙira, sai dai hoton dabba yana zuwa wa mai kallo ne da alkawarin cewa wani ya je, ya jira, ya gani. Wanda ya ci moriyar wannan alkawari alhali bai cika shi ba ya yi ha'inci, ko da hotonsa ya kai kowane kyau. Maganin ba shi da tsada: layi guda a ƙarƙashin hoto da zai ce an haɗa shi ne, ko dabbar a killace take, ko ƙirƙirarriyar basira ce ta samar da shi.

Batun ya shafi Najeriya kai-tsaye. A watan Yulin 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan gwaggon birin Kuros Riba, har da 'ya'yansu, daga tsaunukan Mbe. Kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya ne suka ɗauke su, babu wanda ya zaɓi haske ko kusurwa. Da ma'aunin gasa aka auna su, da yawansu ba za su kai ko'ina ba. Amma ga dabbar da aka ƙiyasta kusan 300 ne kawai suka rage a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, hotunan hujja ne cewa tana haihuwa, aikin masu gadin daji kuma bai tafi a banza ba. Darajarsu duka ta rataya ne a kan yardar mutane cewa ba a taɓa su ba.

Ga waɗanda ke zaɓar hotunan rahotanni da kalandu da ƙasidun yawon buɗe ido a ofisoshin gwamnati, wannan ba zancen 'yan fasaha kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma da kusan 400, a Najeriya kuma a Kainji da Yankari kawai aka tabbatar da su. Namijin zakin wannan yanki ba kasafai yake da cikar geza irin ta na Serengeti ba. Jami'in da ya ɗauko hoton zakin Tanzaniya daga intanet ya liƙa a ƙasidar wani gandun Najeriya ya yaudari baƙon da zai biya kuɗi ya zo, ya kuma ɓoye wa masu tsara kasafi irin halin da dajin ke ciki. Kyakkyawan hoton ƙarya yakan kwantar da hankalin da ya kamata ya tashi.

Saboda haka ya dace a sauya jerin tambayoyin sharhi. A fara da inda aka ɗauki hoton da lokacin, da ko dabbar a sake take ko a killace, da ko an jawo ta da abinci ko an tsorata ta domin ta ɗaga kai. A nemi ganin ɗanyen hoton kafin a saya ko a buga. Bayan an gamsu da waɗannan ne za a shiga batun ido da haske da launi. Abu guda ne kawai ya wajaba a cire: bayanin takamaiman wurin da wasu kyamarori da wayoyi ke liƙa wa hoto, domin kada ya zama taswira ga mafarautan hauren giwa.

Mai ɗaukar hoto da ya kwana a daji ya dawo da giwa mai yagaggen kunne, ciyawa ta rufe rabin fuskarta, ya kawo abin da ofis zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa ba tare da fargaba ba. Irin wannan hoto ne ya cancanci a biya kuɗinsa, a buga shi da sunan gandun da aka ɗauke shi da kwanan wata.