Cire Haƙori Ba Shi Ne Ƙarshen Jinya Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar likita ya cire haƙorin da ya hana su barci, magana ta ƙare. Alhali kuwa yawancin wahalar da kan biyo baya a gida take farawa, cikin kwanakin farko, lokacin da babu likita a kusa.

Abin da ke tsare gurbin haƙorin da aka cire shi ne gudan jinin da ya daskare a ciki. Shi ne ya rufe ƙashi, kuma a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Idan ya fita, sai ƙashin ya zauna a buɗe, bayan kwana 2 zuwa 4 ciwo ya taso wanda ya fi na farko zafi, yana harbawa har kunne, baki kuma ya yi wari. Abin takaici, da hannunsa majinyaci kan jawo wannan. Ya isa gida ya kama kurkure baki da ƙarfi, yana tsartar da yawu, yana taɓa wurin da harshe, wani ma ya kunna taba sigari ko ya jefa goro. Ko kurkurar alwala ta kamata a yi ta a hankali a ranar farko. Sai bayan awa 24 ake fara wanke baki da ruwan ɗumi da gishiri, shi ma ba da gaggawa ba. Wanda ciwon ya kama ya koma asibiti, a wanke gurbin a sa masa magani, wanda sau da yawa akwai man kanumfari a cikinsa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi kuwa ƙona shi take yi.

Jini kaɗan a yawu ba abin tsoro ba ne. Idan yana zuba, a ciji auduga mai tsabta minti 30. In bai tsaya ba, a koma.

Wanda ke kisa shi ne kumburi. Idan ƙasan haɓa ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya zo, buɗe baki da haɗiyar yawu suka gagara, to cuta ta bazu zuwa wuya, tana iya toshe numfashi cikin sa'o'i kaɗan. Tun 1836 wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan cuta, amma har yau akan ɓata kwanaki ana shafe-shafe da sayen ƙwayoyi a kemis. Masu ciwon sukari sun fi kowa shiga haɗarin, don haka wajibi ne su faɗa wa likita tun kafin a taɓa su, haka ma masu shan maganin tsinka jini.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan majinyaci. Mutumin da bakinsa ke cike da auduga, allura ba ta sake shi ba, ba ya riƙe bayanin da aka yi masa a tsaye cikin minti ɗaya, balle in da Turanci aka yi. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su buga waɗannan ƙa'idoji da Hausa, boko da ajami, a ɗan guntun takarda, a miƙa wa kowane majinyaci tare da ranar da zai dawo da kuma inda zai nufa idan kumburi ya taso masa da dare.