Kuɗin Iri: Haƙƙin Jami'a Kan Masu Binciken Ciwon Daji

Kowane manomi ya san cewa komai tsananin yunwar bazara, akwai damin da ba a taɓawa, watau wanda aka keɓe domin iri. A manyan jami'o'in duniya ma akwai irin wannan al'ada. Jami'a takan ware wani ɗan kaso daga aljihunta ta ba malamanta don su soma bincike, kafin su isa neman manyan kuɗaɗe daga waje. Shi ake kira kuɗin iri. Lokaci ya yi da jami'o'in ƙasar Hausa za su ɗauki wannan al'ada da muhimmanci, musamman a fagen binciken ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Ciwon daji yana samuwa ne idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka daina bin ƙa'idar girma, suka shiga hayayyafa ba iyaka, har su zama ƙari, su kuma bazu zuwa wasu sassan jiki. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kimanin mutum dubu 125 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan dubu 79 kuma suka rasu. Mafi yawan masu fama da shi ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya ci jiki.

Mai karatu na iya tambaya, me ɗan ƙaramin kuɗi zai iya yi wa babbar cuta irin wannan? Tarihin wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan mai suna Denis Burkitt ya isa amsa. A shekarar 1957, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, sai ya ga wani yaro da kumburi a muƙamuƙi. Ba da daɗewa ba ya ga wani. Ya koma cikin tsoffin takardun asibiti ya tarar an sha ganin irinsa, ya buga sakamakonsa a 1958. Da tallafin fam 25 kacal ya buga takardu masu hotuna, ya aika wa asibitocin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin wannan ciwo. Amsoshin da suka dawo su suka ba shi hujjar samun ƙarin kuɗi. A 1961 shi da wasu likitoci biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a tsohuwar mota, suna bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka. Taswirar da ya zana ta nuna ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Labarin bai tsaya nan ba. A wannan shekara ta 1961 wani masani mai suna Anthony Epstein ya saurari laccar Burkitt a birnin Landan, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin. A 1964 shi da abokan aikinsa Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a cikinsa, wadda ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Har ila yau, ciwon ya zama ɗaya daga cikin na farko da aka ga magani yana warkarwa. Duk wannan ya tsiro ne daga kuɗin buga takarda da kan sarki.

Darasin a fili yake. Manyan hukumomin da ke ba da miliyoyi ba sa sayen tunani tsagwaronsa. Sukan tambayi mai nema sakamakon gwajin farko da ya nuna hanyar za ta ɓulle. Ƙaramin malamin da bai daɗe da kammala digirinsa na uku ba, ba shi da wannan sakamako, ba kuma zai same shi ba sai da sinadarai da kuɗin mota da wutar da za ta riƙe firji. Idan jami'arsa ba ta ɗora masa kayan a ka ba, ko dai ya haƙura da bincike ya tsaya ga alli da allo, ko ya tattara ya tafi ƙasar da za a saurare shi.

Bugu da ƙari, akwai tambayoyin da ba wanda zai yi wa wannan yanki sai 'ya'yansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An tabbatar cewa ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin, wadda funfuna ke zubarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, suna haddasa ciwon dajin hanta. To, nawa ne adadin wannan guba a hatsin da ke rumbuna da kasuwannin ƙauye? An kuma san bairos ɗin HPV ne ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, kuma Nijeriya ta shigar da rigakafinsa cikin alluran yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Me ke sa wasu iyaye karɓa, wasu su ƙi? Me ke tsayar da mace a gida watanni bayan ta ji ƙullutu a nononta? Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai buƙatar na'urar biliyoyi kafin a soma shi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da tasu hujjar, kuma ba ta raini ba ce. Sukan ce jami'ar da ke fama da kuɗin wuta da gyaran ɗakunan kwanan ɗalibai ba ta da rarar yin kyauta, kuma ga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa bincike. Gaskiya ne asusun yana taimakawa ƙwarai. Amma kuɗin da ya zo daga waje da jadawalinsa da sharuɗɗansa yake zuwa, kuma dukkan fannonin ilimi ne ke rububinsa. Ɗan abin da jami'a ta fitar da kanta, ita ke zaɓen inda za ta shuka shi, kuma idan ya jawo babban tallafi, kayan aikin da aka saya a ɗakunan gwajinta za su zauna, ɗalibanta ne kuma za su koyi aiki da su.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsoron kada kuɗin ya koma rabon ganima tsakanin manya. Maganin wannan tsari ne. A sanar da gasa a fili, a kai takardun masu nema ga masana na wata jami'a su tantance ba tare da ganin suna ba, a fifita ƙananan malamai, a kuma ƙarfafa likita da masanin kimiyyar sinadarai da masanin zamantakewa su haɗa kai kan tambaya guda. A saki kuɗin a kan kari, domin irin da ya iso bayan damina ta ja baya ba shi da amfani. A ƙarshen shekara kowa ya kawo rahoto da rasit. Wanda gwajinsa bai ba da abin da ya zata ba, muddin ya yi aikin da gaskiya, kada a hukunta shi, saboda sanin hanyar da ba ta ɓullewa shi ma ilimi ne.

Daga ƙarshe, ɗaliban sakandare da malamansu su lura cewa abin da Burkitt ya fara da shi ido ne mai lura, da tambaya, da haƙurin rubuta abin da ya gani. Ana iya koyon waɗannan tun daga ajin kimiyya na sakandare. Haƙƙin jami'a shi ne, ranar da irin wannan ɗalibi ya zama malaminta ya zo da tambaya mai ma'ana, ya tarar an keɓe masa damin iri.