MAI ƊAUKAR JARKA SHI YA SAN NISAN RIJIYA



A makon jiya ne, bayan sallar isha'i, mu takwas muka taru a shagon wani ɗan'uwa tela muka kalli wani fim na labarin gaskiya mai suna Marcher sur l'eau, wanda ma'anarsa ita ce tafiya a kan ruwa. Wata baiwar Allah mai suna Aïssa Maïga, haifaffiyar Dakar wadda ta girma a Faransa, ita ta shirya shi, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na birnin Kan a 2021. An ɗauke shi a ƙauyen Tatiste da ke yankin Azawak a arewacin Nijar, kuma ya bi rayuwar wata yarinya Bafulatana 'yar shekara 14, Houlaye, wadda kullum sai ta yi tafiya mai nisa neman ruwa, alhali iyayenta sun fita neman abin kai wa baka sun bar mata ƙannenta. Abin takaici, ruwan yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafarta, sai dai zurfinsa ya fi ƙarfin rijiyar hannu, sai injin burtsatse.

Fim na ƙarewa sai muhawara ta ɓarke, har muka kai sha biyun dare. Ra'ayi ya rabu uku, kuma ina jin ko a majalisarku aka kalla haka zai rabu.

Na farko ya ce wannan duk makircin Turawa ne: su ɗauki hoton yaranmu cikin ƙura da tsumma, su kai ƙasarsu a tafa musu, su tara kuɗi. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganarsa ba. A 2018 wasu mutanen Ostiriya biyu sun yi fim a kan Agbogbloshie, wurin da a lokacin ake farfasa tsofaffin kayan lantarki a Akara, inda 'yan arewacin Gana da yawa suke neman abinci, suka raɗa masa suna Welcome to Sodom, wato barka da zuwa garin mutanen Annabi Luɗu. Wanda ya zaɓi wannan suna ya tallata hajarsa, ai mutuncin masu aikin bai dame shi ba. Ga shi kuma ƙasashen da ke kallonmu suna zubar da hawaye su ne suka fi cika sama da hayaƙin da ke ɗumama duniya, domin Afirka duka rabonta a hayaƙin bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma ya kai ɗan'uwa, ko da mai kyamara yana da mugun nufi, shin shi ya ƙafar da rijiyar? Shi ya ɗora wa yarinyar jarka? In maƙiyinka ya ce gemunka ya kama wuta, shafawa za ka fara yi, sannan ka tambayi niyyarsa.

Na biyu ya ce fari ƙaddara ce, an yi shi a 1973, an yi a 1984, kakanninmu sun yi haƙuri ya wuce. Haka ne, ba mai saukar da ruwan sama sai Allah. To amma haƙa burtsatse fa, aikin wa ne? Sare itace har saiwa fa? Mu dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1984 suka daina tumɓuke kututturan itatuwa a gonakinsu, suna barin tohon gawo da sauransu ya tashi suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Waɗannan bayin Allah ba su fi mu rashin haƙuri ba, sai dai ba su mai da haƙuri matashin kai ba.

Na uku, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai, cewa ya yi me yaro ya sani da za a sa mu gaba mu saurare shi? Ai maganar ƙasa da ruwa ta manya ce da masana. A nan ne na ce a'a. A gidajenmu wa ake aika famfo da asuba? Wa ke makara makarantar allo da ta boko saboda layin jarkoki? Wa ke wasa a bakin kwatar da ta toshe da leda? Babba yana fita kasuwa ya dawo ya tarar da ruwa a randa, bai san sau nawa aka yi sawu ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, manya ne ke daka duwatsun zinare a cikin gidaje, amma yara ne gubar dalma ta kashe, kimanin 400, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙurar da babba ya karkaɗe daga rigarsa, ita ce yaro mai rarrafe ya kai baki. Duk ɓarnar da aka yi wa ƙasa, a jikin yaro take fara bayyana. To wanda abu ya fara ci, ta yaya za a ce ba shi da bakin shaida?

Saboda haka ni ra'ayina, irin waɗannan fina-finai a kalle su, amma da ido biyu. A tambaya: an bar yaron ya yi maganarsa, ko cusa masa aka yi? An nemi yardar iyayensa? An suturta shi, ko an tozarta shi don a tatsi tausayi? Bayan an kwashe kyamara, me ya rage wa garin? A Tatiste dai an haƙa burtsatsen, kuma fim ɗin ya nuna haka. Wannan ya bambanta shi da masu zuwa su ɗauki hoto su yi gaba.

Abin kunyar namu ne. Tatiste ba a bayan duniya take ba, maƙwabtanmu ne, amma sai da labarinta ya je Faransa ya dawo sannan muka ji. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, muna ƙarar da ita a kan abin da ba zai amfane mu ba. Ba sai mun je Azawak ba. Yau in ka koma gida, ka kira ƙaninka ko ƙanwarka, ka tambaye shi sawu nawa ya yi jiya, daga ina, kuma darasi nawa ya wuce shi. Ka rubuta. In iyaye sun yarda ku ɗauki muryarsa, cikin sutura da mutunci. Ku haɗa na gida goma, ku kai wa mai unguwa da kansila da masu hali na unguwarku, ku ce ga famfon da ya lalace, ga abin da gyaransa zai ci, ga kuma gudummawarmu ta farko.

Ni na gwada a gidanmu washegarin kallon. Ƙanwata 'yar shekara tara ta ce sawu biyar take yi kafin ta tafi makaranta. Shekara nawa ina alwala da ruwan nan, ban taɓa tambaya ba.

Allah Ya sa mu gyara. Wassalamu alaikum.