Masu Ƙananan Wayoyi Ma Suna Da Rabo A Intanet

Wayoyin salula da ke hannun jama'a a Nijeriya sun kasu kashi biyu, watau manya waɗanda ake shafawa, da kuma ƙanana masu maɓallai. Duk wanda ya zaga kasuwar Mile 12 ko Agege a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, zai tarar da cewa ƙaramar waya ce a aljihun 'yan Arewa da yawa, domin tana da arha, cajinta yana kwanaki, kuma ko ta faɗi ba ta faye fashewa ba. Amma fa bankuna da kamfanoni da ofisoshin gwamnati sun fi karkata ga manhajojin babbar waya, sai ka ce kowa yana da ita.

Illar wannan ta fito fili a farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin kuɗi. Mai ƙaramar waya bai da abin dogaro sai lambobin USSD, irin waɗanda ake farawa da tauraro. Wannan hanya ta yi rana ƙwarai, sai dai ba ta ɗaukar fiye da haruffa 182 a saƙo guda, ba hoto, ba murya, kuma in mutum ya yi jinkirin karanta Turancin da ke ciki sai ta yanke, ya koma farko.

To, akwai wata hanya a tsakanin wannan da babbar waya. A 2013 kamfanin Mozilla na Amurka ya fito da wani tsarin sarrafa waya mai suna Firefox OS, wanda manhajojinsa duk shafukan intanet ne. Tsarin bai karɓu ba, aka yi watsi da shi a 2016, sa'an nan wani kamfani ya ɗora a kansa ya gina KaiOS domin wayoyi masu maɓallai. A 2017 kamfanin Jio na Indiya ya saka shi a wayarsa JioPhone, wadda mutum ke karɓa in ya ajiye rupi 1,500, a mayar masa da kuɗinsa bayan shekara 3 in ya dawo da wayar. Miliyoyin Indiyawa ta nan suka fara shiga intanet. A 2018 Google ya zuba dala miliyan 22 a kamfanin KaiOS, a 2019 kuma MTN da Orange suka kawo irin waɗannan wayoyi ƙasashen Afirka, har da Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, da HTML da CSS da JavaScript ake gina manhajar irin wannan waya, watau kayan aikin da ake tsara shafukan intanet da su. Ke nan saurayin da ya koyi tsara shafi a Kano ko Zariya yana iya yin ta, ba sai ya je ƙasar waje ba.

Sai dai aikin yana da nasa sharuɗɗa. Fuskar wayar ba ta wuce inci 2.4 a yawancinsu ba, ƙwaƙwalwarta kuwa megabayit 256 ne ko 512, saboda haka shafi mai manyan hotuna da tallace-tallace yakan sa ta tsaya cik. Tun da ba a shafawa, tilas kowane abu da ke shafin ya zama ana isa gare shi da maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama, da na tsakiya. Rubutu ma wahala ne, domin kafin harafin "s" ya fito sai an danna lamba 7 sau huɗu. Don haka maginin da ya san aikinsa yakan jera wa mutum zaɓi ya danna lamba, ya rage masa rubutu, ya kuma sa manhajar ta adana bayani a cikin wayar saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa. Har ila yau, mutane da yawa da Opera Mini suke buɗe shafi, ita kuwa takan matse shafin a na'urorin kamfaninta kafin ta aiko shi, to shafin da ya dogara kacokan ga JavaScript yakan lalace a hanya.

Wani darasi kuma ya zo a 2025, sa'ad da WhatsApp ya daina aiki a wayoyin KaiOS. Da yawa saboda shi suka sayi wayar, domin aika saƙon murya gida. Kamfani dai inda riba take yake bi, kuma ba wanda zai ɗaure shi. Shi ya sa shafi mara nauyi wanda kowace waya mai intanet ke iya buɗewa ya fi aminci a kan manhajar da ke rataye a wuyan kamfani guda.

Saboda haka ya kamata Hukumar NCC da NITDA su sa ido, duk wata hidima ta gwamnati ko ta banki da aka ɗora a intanet a gwada ta a ƙaramar waya kafin a ƙaddamar, a kuma sa Hausa da sauran harsunan ƙasa a ciki, da murya domin waɗanda ba su yi boko ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar gwari da na dabbobi da ke Kudu su ma suna da abin yi. Suna iya ɗaukar matasan da suka iya aikin, su gina musu shafi mai sauƙi da zai nuna farashin albasa da tumatir a Ikko kowace safiya, yadda manomi a Kura ko Aliero zai san halin da kasuwa ke ciki kafin ya yi wa mota lodi.