Bargon direba ma kayan aiki ne

Daga watan Disamba zuwa Janairu, in iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ƙasar Damargu kan kwana cikin ɗari mai ratsa ƙashi. Manomi na cikin ɗakinsa, ma'aikaci na ƙarƙashin rufi. Amma direban babbar mota da yaronsa, a bakin hanya gari ke waye musu.

Hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta tashi daga Damagaram ta bi Tanut zuwa Agadas, ta ratsa gundumar Olelewa. A cikin wannan gunduma ce aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamba na 2011, mai ƙarfin tace ganga 20.000 a yini. Direbobin motocin dakon mai kan jira lodi a nan, na kamiyo kuwa su yada zango a Bakin Birji ko Tanut kafin su fuskanci hamada. Ƙasar rairayi ba ta riƙe zafi: da rana ta faɗi sai ɗumi ya tsere, sanyi ya yi ta ƙaruwa har asuba. Can cikin Tenere har ruwa kan kusa daskarewa.

Tufa guda mai kauri ba ta kai riguna uku marasa nauyi ba, domin iskar da ke tsakaninsu ita ke tsare ɗumin jiki, kuma in rana ta ɗaga ana tuɓe su ɗaya bayan ɗaya. Rigar da gumi ya jiƙa a sauya ta kafin magariba. Rawani na kare kunne, hanci da ƙirji daga sanyi da ƙura. Kakanni masu azalai zuwa Bilma ba su naɗa shi don ado kaɗai ba. Sai dai a soke jelarsa, a kuma ajiye babbar riga kafin a duƙa kan injin da ke aiki. Ƙafa na son safa da takalmi rufaffe, gama ƙafar da ta sandare ba ta taka birki a kan kari.

Wanda bai da sutura, wuta yake nema, nan kuwa haɗarin yake. Kaskon gawayi cikin mota rufaffiya na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Mutum ya yi barci, ba ya farkawa. Wutar shayi kusa da tankin mai, ko kusa da riga mai jiƙe da gazuwal, ta isa ta halaka ayari duka.

Wasu masu motoci na cewa sutura lamarin mai sa ta ne. Wannan magana ba ta karɓuwa. Mai mota ba ya sallamar motarsa ba da tayar sauyi ba. Don me zai sallami mutum biyu ba bargo? Kuɗin barguna biyu da rigunan sanyi a kasuwar Dole bai kai na taya guda ba. Yaron mota, wanda ke kwana bisa kaya ko ƙarƙashin mota, shi ya fi kowa cancanta.

Ya kamata ƙungiyoyin direbobi su sa wannan cikin sharuɗɗan aiki, hukumomin sufuri kuma su riƙa faɗakarwa a tashoshi tun watan Nuwamba. Rigakafi ya fi magani. Ƙasar da ba ta da teku, a kan lafiyar direbobinta hatsi da mai ke isa kowane gari.