Sun Rushe Hasumiya Suna Ƙirga Duwatsu

Hausawa sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Don haka zan fara da nawa kafin in hango na kowa. A shekarata ta uku a jami'a muna da ɗan zaure na ma'abota littattafan J.R.R. Tolkien, muna haɗuwa kowace Asabar da yamma a ƙarƙashin wata darbejiya da ke bayan ɗakin karatu. Wata rana wata ɗaliba 'yar ajin farko ta zo ta zauna a gefe. Da aka ba ta dama, sai ta ce ta gama karanta The Lord of the Rings a lokacin hutu, kuma abin da ya hana ta barci shi ne ƙarshen Frodo, wanda ya ceci ƙasarsa amma ya kasa zama a cikinta. Ta ce ya tuna mata da kawunta soja, wanda ya dawo daga bakin daga da ƙafafunsa, amma har ya rasu ba su sake ganin mutumin da suka sani ba.

Ni kuwa da ta yi shiru, sai na gyara zama na ce, "To Malama, tun da kin karanta, faɗa mana sunayen hatsabiban nan guda biyar." Ta ambaci Gandalf, ta ambaci Saruman, ta yi jim ta tuno Radagast, sannan ta tsaya. Na cika mata da Alatar da Pallando ina murmushin nasara, 'yan zaure suka yi dariya. Ba ta ƙara dawowa ba.

Wannan maƙala ƙara ce nake shigarwa a kan irin karatun da na yi a ranar, wanda ya zama ruwan dare tsakanin masoyan littattafan almara: karatun da ke mayar da labari rumbun tambayoyin kacici-kacici, ya mayar da hadda sandar korar baƙo. Da'awata ita ce wannan ɗabi'a cin amanar littafin ne da sunan ƙaunarsa, kuma Tolkien, wanda ake rantsuwa da sunansa, shi ne babban shaidata a kanta.

Sai dai adalci ya wajaba. Tonon asalin abubuwa a duniyar Tolkien ba shirme ba ne, kuma ba masoya suka ƙirƙiro shi ba. Mutumin farfesa ne na tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford, kuma ya fara gina harsunan jinsin Elf tun kafin labaran su kankama: Quenya, wanda ya ɗanɗano daga harshen mutanen Finland, da Sindarin, wanda ya ɗauki amon harshen Wales. Sunayen wadannin da ke cikin The Hobbit na 1937, har da sunan Gandalf, ya tsamo su ne daga wata tsohuwar waƙar mutanen Arewacin Turai. A ƙarshen juzu'i na uku na The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1955, ya jera rataye guda shida masu ɗauke da salsalar sarakuna da jerin shekaru da kalanda da tsarin rubutu. Bayan rasuwarsa a 1973, ɗansa Christopher ya fitar da The Silmarillion a 1977, sannan ya tattara takardun mahaifinsa cikin juzu'i goma sha biyu tsakanin 1983 da 1996. Wanda ya gina gida mai ɗakuna haka, ai yana so a shiga a leƙa. Ni ma na san daɗin bin taswira da yatsa, ina auna tafiyar Frodo daga Shire zuwa Mordor. Wannan daɗin halal ne. Ƙarata tana kan wanda ya leƙa ɗakunan, sannan ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar masu shigowa takardar izini.

Hujjata ta farko ita ce ƙasar da masu gadin nan suke tsaye a kai ba ta da ƙwari. Suna magana kamar akwai tabbatacciyar gaskiya guda ɗaya da marubucin ya sassaƙa a kan dutse, alhali Tolkien ya shafe fiye da shekaru hamsin yana rubutawa yana gogewa. A bugun farko na The Hobbit, Gollum da kansa ya yi niyyar bayar da zoben a matsayin ladan wasan kacici-kacici; sai a bugun 1951 aka sake babin domin ya dace da sabon labarin. Tarihin Galadriel ya zo ta fuskoki daban-daban masu karo da juna. Asalin halittun Orc kuwa, har ya bar duniya yana jujjuya shi. Game da Tom Bombadil, wanda masoya suka ƙarar da tawada wajen neman ko wane ne shi, marubucin ya faɗa a wata wasiƙa cewa da gangan ya bar shi a dunƙule. Shekara da shekaru ana musu a kan ko dodon nan Balrog yana da fukafukai, saboda jimloli biyu da ke kusa da juna, ɗaya ta kwatanta inuwarsa da fukafukai, ɗayar ta ambaci fukafukan kai tsaye.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tambayar da na yi wa ɗalibar nan. Sunayen biyu da na yi tinƙaho da su ba sa cikin littafin da ta karanta ko kaɗan. Sun fito ne a Unfinished Tales na 1980. Daga baya kuma na tarar Tolkien ya sake raɗa wa hatsabiban biyu wasu sunaye dabam, Morinehtar da Rómestámo, a rubuce-rubucensa na ƙarshen rayuwa. Ashe ni da na kafa kaina alƙali, rabin amsar kawai na sani. Na kori mai karatu ta gaskiya da jarrabawar da ni ma da na faɗi.

Hujja ta biyu ta fito daga bakin Tolkien. A 1936 ya gabatar da wata lacca a kan Beowulf, tsohuwar waƙar jarumta ta Ingila, inda ya caccaki masanan da suka mayar da ita ma'adinin haƙo tarihi, suka manta cewa waƙa ce. Ya buga misali da wani mutum da ya gaji tsofaffin duwatsu ya gina hasumiya da su. Abokansa suka zo, suka lura duwatsun na wani daɗaɗɗen gini ne, sai suka ture hasumiyar domin su binciki zane-zanen da ke jikinsu, suna kuma zarginsa da shirme. Ba wanda ya damu ya hau matakalar, balle ya gane cewa daga ƙololuwarta mutumin yana hango teku. Wannan lacca ta sauya yadda ake karanta Beowulf har yau. Abin takaici, abin da ya hana a yi wa waƙar wani, shi ake yi wa nasa littafin. Ɗalibar nan ta hau sama ta hango tekun, ta sauko tana ba mu labari. Mu da muke zaune cikin ɓaraguzai muka tambaye ta adadin duwatsu.

To mene ne tekun? Tolkien ya je yaƙin Somme a Faransa a 1916, aka dawo da shi gida da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi, kuma shi da kansa ya rubuta cewa kafin 1918 duk aminansa na kusa sun mutu in ban da ɗaya. Ya ce Sam, mai aikin lambun da ya goya Frodo a kan dutsen ƙarshe, hoton ƙananan sojojin da ya sani ne a yaƙin. Littafin da irin wannan mutum ya rubuta, jaruminsa bai ci nasara da ƙarfinsa ba. A bakin ramin wuta Frodo ya gaza, ya ce zoben nasa ne. Abin da ya ceci duniya shi ne Gollum yana raye, kuma yana raye ne domin Bilbo ya ji tausayinsa, Frodo ya ji tausayinsa, daga ƙarshe Sam ma ya ɗaga takobi ya fasa. Labari ne a kan yadda mulki ke cinye mai riƙe da shi, da yadda rahamar da aka yi wa abin ƙyama take zama tsira. Wanda ya haddace ranar da aka halaka zoben, 25 ga Maris, amma ya wulakanta baƙo a zaurensa, ana ga yaƙi yana ga ƙura.

Akwai wani wuri a juzu'i na biyu da nake so kowane gwanin kacici-kacici ya sake karantawa. Sam ya ga gawar wani baƙon soja daga ƙasashen kudu, mai duhun fata, wanda ya zo yaƙi a ɓangaren abokan gaba. Sai ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunansa, ko daga ina ya fito, ko da gaske mugu ne, ko kuwa ƙarya da barazana ne suka raba shi da gidansa. Tolkien, wanda ya raɗa wa takubba da dawakai suna, bai ba wannan mamaci suna ba. Babu rataye da zai amsa tambayar Sam. An bar ta a buɗe ne domin ta zauna a zuciyar mai karatu, kuma a ganina ta fi dukkan salsalar sarakunan Gondor nauyi.

Hujja ta uku ita ce inda wannan ɗabi'a take kaiwa idan ta girma. A 2022 kamfanin Amazon ya fitar da shirin The Rings of Power, inda baƙaƙen 'yan wasa irin su Lenny Henry da Sophia Nomvete da Ismael Cruz Córdova suka fito a matsayin Hobit da wada da Elf. Aka yi musu ruwan zagi na wariyar launin fata, har sai da abokan aikinsu suka fitar da sanarwar yin tir. Da yawa daga masu zagin sun fake ne da cewa suna kare asalin labari. Shirin yana da abin suka, kuma mai cewa an karkatar da tarihin da Tolkien ya tsara yana da haƙƙin faɗa. Amma wanda ya san littafin da gaske ya san gabatarwarsa ta bayyana Hobit na zuriyar Harfoot da cewa sun fi sauran duhun fata. Ya kuma san cewa Tolkien, haifaffen Bloemfontein a Afirka ta Kudu, ya bayyana ƙyamarsa ga mulkin wariya a jawabinsa na bankwana da Oxford a 1959, kuma a 1938 ya fusata da wani kamfanin ɗab'i na Jamus da ya nemi ya tabbatar da tsarkin jininsa. Dariyar da muka yi a ƙarƙashin darbejiya da wancan zagin ba girmansu ɗaya ba, amma saiwarsu ɗaya: ɗaukar sani a matsayin katanga.

Za a ce mini, ashe kenan daidaito ba shi da daraja, kowa ya faɗi abin da ya ga dama? A'a. Ɗalibin adabi ya san cewa ba a fassara matani da son rai, kuma wanda ya ce Frodo ne ya jefa zoben da hannunsa dole a gyara masa, domin kuskurensa ya rushe ma'anar labarin. Ma'aunin ke nan: bayani yana da daraja gwargwadon ƙofar da ya buɗe. Sanin cewa Frodo yakan kwanta ciwo duk shekara a ranar da aka soke shi yana ƙara mana fahimtar raunin da ba ya warkewa. Da na faɗa wa ɗalibar nan wannan, da na ba ta abin da za ta ƙara fahimtar kawunta da shi. Sani iri ɗaya ne a hannuna. Na zaɓi wanda zai ɗaga ni maimakon wanda zai amfane ta.

Kada mu ɗauka ciwon na Turawa ne kaɗai. A shekarar da The Hobbit ya fito, a ita ce juzu'in farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito daga Zariya. Na tuna yadda aka karantar da mu shi: wane ne mahaifin Musa, wane ne ɗan aku, labari na nawa ne ya biyo bayan na nawa. Muka amsa da Sarki Abdurrahman, muka amsa da Fasih, muka ci jarrabawa. Ba a taɓa tambayarmu dalilin da ya sa tsuntsu marar makami ya iya tsare ɗan sarki da zance kawai ba, ko yadda Imam ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya sa musu riga da rawani har suka zama namu. Muna kiran hadda marar fahimta karatun aku, alhali akun Imam ya san abin da ya sa yake ba da kowane labari da wanda yake ba wa. Mu ne muka yi karatun aku a kan littafinsa.

Saboda haka kirana ga ma'abota waɗannan littattafai, da malaman da ke tsara tambayoyi, da alƙalan gasa, shi ne su sauya tambayar farko da suke yi wa sabon mai karatu. A fara da tambayarsa inda labarin ya taɓa shi. Idan ya faɗa, sai a ɗauko taswira da salsala da harsunan Elf a shimfiɗa masa, domin a lokacin ne za su yi masa amfani. Wanda ya fi kowa sani a zaure shi ya fi cancanta ya tashi ya ba baƙo tabarma.

Na ci gaba da ganin ɗalibar nan a harabar jami'a har na kammala, muna gaisawa sama-sama, ban taɓa samun ƙarfin halin ba ta haƙuri ba. Sunayen hatsabiban biyar, da ƙarin biyun da na tsinta daga baya, suna nan daram a kaina. Sunan kawunta kuwa ban sani ba, domin ban tambaya ba.